Yadda ake shawo kan aftasiya a tankin murjani ba tare da an rushe shi ba

Wani ɗan'uwa ya rubuto mini cewa yana da tankin ruwan gishiri mai cin lita 300, wanda ya kafa fiye da shekara ɗaya da ta wuce, yana kiwon murjani da 'yan kifaye a ciki. Wata shida baya ya sayo wani dutse mai rai, wato dutsen teku mai ɗauke da ƙananan halittu, bayan 'yan makonni ya ga wasu halittu biyu masu ruwan ƙasa-ƙasa, masu dogayen hannaye sirara, sun leƙo daga ramukan dutsen. Ya kankare su da wuƙa, da suka dawo ya yi musu allurar ruwan lemun tsami, yanzu kuwa ya ƙirga sama da arba'in, kuma murjanin da ke kusa da su ya daina buɗewa. A tankin akwai kifaye biyu irin masu ruwan lemu da fararen zobba, da kuma ɗan kifi mai layi shida a jiki wanda ake kira Pseudocheilinus hexataenia. Yana tambaya ko ya kwashe komai ya sake sabon zubi, ko kuwa ya sayi kifin nan mai dogon baki da aka ce masa yana cinye su.

Malam, kada ka rushe tankinka, kada kuma ka yi gaggawar sayen wannan kifin. Abin da ka kwatanta aftasiya ce, wadda masu sayar da kayan tanki ke rubutawa Aiptasia, kuma arba'in a tanki mai lita 300 adadi ne da ake iya shawo kansa cikin wata biyu zuwa huɗu idan an bi aikin da tsari. Sai dai kafin in faɗa maka abin da za ka yi, ina so ka fahimci dalilin da ya sa biyu suka zama arba'in, domin duk wata dabara da za ka ji an ambata, da wannan dalilin ne za ka auna ta.

Aftasiya dabba ce, ba tsiro ba, ko da yake tana kama da fure. Dangin animonin teku ce, wato 'yar'uwar murjanin da kake kiwo. Masana sun daɗe suna kiran irin da ya fi yawa a tankuna Aiptasia pallida, a shekarar 2014 aka mayar da ita cikin wani sabon rukuni mai suna Exaiptasia, yanzu kuma a littattafan kimiyya za ka fi ganin Exaiptasia diaphana. Jikinta kashi uku ne: faifan baki da hannaye kewaye da shi, da doguwar ganga mai laushi, sannan gindi mai faɗi wanda take manne wa dutse da shi. Wannan gindin shi ne tushen matsalar. Aftasiya takan ja jiki sannu a hankali a kan dutse, kuma yayin da take matsawa sai gefen gindin ya riƙa gutsurewa yana barin 'yan ɓaɓɓake waɗanda wasu ba su kai ƙwayar gero ba. Kowane guntu cikin mako ɗaya zuwa biyu yakan fitar da baki da hannaye ya zama cikakkiyar aftasiya. Ba ta bukatar namiji ko mace kafin ta yi haka. Saboda haka lokacin da ka sa wuƙa ka kankare biyun farko, abin da ka cire shi ne hannaye da ganga, gindin kuwa ka yayyanka shi ka bar wani a cikin rami, wani kuma ruwa ya kwashe ya kai shi wasu duwatsun. Duk manomin da ya taɓa fama da aya-aya a gona ya san irin wannan: idan fartanya ta sare ganyen ta bar 'ya'yan a ƙasa, ba a yi noma ba, an dai ƙara mata wurin tsirowa.

Ni ma da wannan kuskuren na fara. A tankina na farko na sa buroshi na goge wani dutse a cikin ruwan, ina ganin na tsabtace shi, bayan wata ɗaya sai ga su a jikin gilashi da bakin bututu da wuraren da ban taɓa ganin ko ɗaya ba. Na rasa wani yanki na murjani da na yi shekara ina renonsa, kuma har yau ina jin ciwon abin, shi ya sa nake nanata wa duk wanda ya tambaye ni cewa hannu ba ya taɓa aftasiya a cikin tanki da niyyar tsigewa ko gogewa.

Abu na biyu da ke ba ta ƙarfi shi ne tana ci ta hanya biyu. A cikin naman jikinta akwai ƙananan ƙwayoyin gansakuka, irin waɗanda ke zaune a jikin murjani, suna sarrafa haske su ba ta abinci, kuma su ne ke ba ta wannan launi na ƙasa-ƙasa. Ban da haka tana kama duk ɓarɓashin abincin kifi da ya bi ta gabanta. Idan aka hana ta haske sai ta zubar da gansakukar ta koma fara fat kamar gilashi, ta ci gaba da rayuwa da farauta kaɗai, shi ya sa kashe fitilar tanki na kwanaki ba ya kashe ta, murjaninka ne kawai zai wahala. Wannan juriyar ce ta sa masana suka ɗauke ta a matsayin dabbar gwaji don nazarin yadda murjani ke rabuwa da gansakukarsa idan teku ta yi zafi, har a shekarar 2015 masu bincike a jami'ar kimiyya da fasaha ta Sarki Abdullah da ke Saudiyya suka jagoranci wallafa cikakken tsarin ƙwayoyin gadonta. Na kawo wannan ne don ka san cewa abin da ake zaɓa don ya jure zaman ɗakin gwaji ba zai mutu don an ɗan canja masa gishiri ko zafin ruwa ba.

Ɓarnar da take yi wa murjani kuwa ta harbi ce. Hannayenta cike suke da ƙananan ƙwayoyi masu ɗauke da dafi, kuma idan aka tsokane ta takan fitar da wasu fararen zaruruwa daga baki da gefen ganga, waɗanda dafinsu ya fi yawa. Murjanin da ke gogayya da ita dare da rana yakan rufe, idan ya daɗe a rufe sai naman ya fara janyewa daga wurin. Abin da kake gani ke nan a tankinka.

Ka tabbatar dai da abin da kake yaƙa, domin akwai wata 'yar'uwarta mai suna majano, Anemonia manjano, wadda ake yawan rikita su. Aftasiya hannayenta dogaye ne masu tsini, jikinta ana ɗan ganin haske ta cikinsa, kuma da ka kai yatsa kusa sai ta shige rami cikin ƙiftawar ido. Majano gajera ce mai kauri, hannayenta gajeru masu dunƙulallen kai, sau da yawa da ɗan kore mai sheƙi, kuma ba ta da saurin ɓuya. Bambancin yana da amfani, saboda yawancin dabbobin da ke cin aftasiya ba sa kallon majano. Yadda ka siffanta taka, da dogayen hannaye sirara, ban yi shakkar aftasiya ce ba.

Aikin farko na ƙirga ne da kwashewa. Ka ɗauki tocila bayan fitilar tanki ta mutu da kamar awa ɗaya, lokacin da suke miƙewa sosai, ka duba bayan duwatsu, da ƙarƙashinsu, da akwatin da ruwa ke malala ta cikinsa zuwa ƙasa, da ƙaramin tankin tacewa idan kana da shi. Kusan kullum waɗanda ake gani da rana kashi ne kawai na waɗanda ke nan. Duk ƙaramin dutsen da za ka iya ɗagawa ba tare da ka rushe ginin ba, ka fito da shi waje ka yi aikin a cikin roba. A waje kana iya fasa ɓangaren da aftasiyar ke zaune da kurfi ko filaya, ka haɗa da ɗan dutsen da ke ƙarƙashinta ka zubar, sannan ka ɗauraye da ruwan tanki wanda ba zai koma ciki ba. Wannan ita ce hanya mafi tsabta, domin gindin ya tafi gaba ɗaya. Shi kuwa dutsen da ya kawo maka matsalar, idan babu murjani mai daraja a kansa kuma shi ne ya fi cika da su, shawarata ka fitar da shi kacokan, ka jiƙa shi a ruwan bilic da aka tsarma na kwana biyu ko uku, ka wanke shi sau da yawa, ka sa maganin cire kulorin, ka shanya shi a rana har warin ya tafi sarai. Zai koma mataccen dutse, amma cikin 'yan watanni a tanki zai sake rayuwa.

A nan akwai gargaɗin da ba zan tsallake ba. Kada ka tafasa dutsen tanki, kada ka zuba masa tafasasshen ruwa a waje, kada kuma ka ƙona shi da wuta a cikin ɗaki. Wasu nau'o'in murjani masu laushi, musamman Palythoa da wasu danginsa, suna ɗauke da guba mai suna falitoksin, wadda tana cikin gubobi mafi ƙarfi da aka sani a halittu, kuma tururin ruwan zafi yana ɗaukar ta zuwa huhu. A shekarar 2015 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta fitar da rahoto kan mutanen da suka kamu da rashin lafiya a jihar Alaska, a gidaje da shagunan kayan tanki, bayan sun yi mu'amala da irin wannan murjani. 'Yan ƙananan 'ya'yan irin wannan murjani kaɗan da suka maƙale a bayan dutse, waɗanda ƙila ba ka ma lura da su ba, sun isa su kwantar da mutanen gida. Duk aikin dutse ka yi shi da safar hannu da tabarau, a wuri mai iska, nesa da yara.

Waɗanda ke kan manyan duwatsun da ba sa ɗaguwa, su ne za ka bi ɗaya bayan ɗaya da magani. Abin da na fi amincewa da shi shi ne garin kalsiyam haidroksaid, wanda masu wannan sana'a ke kira kalkwasa, daga kalmar Jamusanci. Ka sayi wanda aka yi don tanki ko wanda ya dace da abinci, ba farar ƙasar gini ba, wadda ba a san me aka gauraya mata ba. Ka dama cokalin shayi ɗaya da ruwan da aka tace, kaɗan-kaɗan, har ya yi kauri kamar koko mai kauri, wanda zai iya fita ta bakin sirinji amma ba zai watse a ruwa ba. Ka kashe duk injinan da ke motsa ruwa, ka jira ruwan ya kwanta. Sannan ka kai bakin sirinjin sannu a hankali saman bakin aftasiyar ba tare da ka soke ta ba, ka saki ɗan kaɗan. Idan hannunka bai girgiza ba za ta ɗauka abinci ne, ta naɗe hannayenta a kai ta haɗiye, daga nan sai ka ƙara har ka lulluɓe ta duka, ka kuma rufe ɗan kewayen gindin da kamar rabin santimita. Ka bar injinan a kashe minti 20 zuwa 30, sannan ka sa siririn tiyo ka zuƙe farin da ragowar naman zuwa bokiti kafin ka kunna su. Zuƙewar nan mutane da yawa suna barin ta, alhali ita ce ke hana gutsattsarin yawo, ita ce kuma ke hana garin sauka a kan murjani ya ƙona shi.

Kalkwasa yana kisa ne saboda kaifinsa, domin ruwansa idan ya ƙoshi yana kai wa sama da 12 a ma'aunin pH, wato ma'aunin tsami da kaifin ruwa, alhali tankin murjani yana zaune tsakanin 7.8 da 8.4. Saboda haka ba a yin arba'in a rana ɗaya. A tanki irin naka, biyar ko shida a rana sun isa, ka auna pH bayan awa ɗaya, idan ya doshi 8.5 ka huta kwana ɗaya ko biyu. Akwai magungunan kwalba da aka haɗa don wannan aiki, kamar Aiptasia-X na kamfanin Red Sea, da Joe's Juice, da F-Aiptasia wanda ke daskarewa ya zama ɓawo a kan dabbar. Ana amfani da su kusan kamar yadda na bayyana, sun fi sauƙin sarrafawa, kuma idan kana da halin saye babu laifi, amma kada ka zaci akwai wanda zai kashe gindin da ke can cikin rami inda maganin bai kai ba. Ruwan lemun tsamin da ka gwada yana kashe wasu, sai dai dole ne allura ta shiga cikin ganga kafin dabbar ta janye, abin da ba kasafai ake dacewa ba, kuma sukar da ba ta yi kisa ba yaga ce kawai. Ina zaton hakan ya taimaka wajen ƙaruwarsu a wurinka.

Idan aftasiya tana cikin rami mai baki ɗaya, bayan ka ba ta magani ka toshe ramin da gam mai kauri irin sufa-gulu, ko da ifoksin da ake murzawa a hannu wanda aka yi don tanki. Ka tabbatar toshiyar ta rufe ko'ina, domin dutsen teku kamar soso yake, kuma na sha ganin ta ɓullo ta wata ƙofa bayan mako biyu. Game da na'urar leza da wasu ke ƙona su da ita ta bayan gilashi, ba na ba da shawararta ko kaɗan. Ƙarfin da zai dafa aftasiya a cikin ruwa ya isa ya lalata ido nan take idan hasken ya dawo daga gilashi, naka ko na wanda ya shigo ɗakin ko na kifin, kuma bayan wannan haɗarin duka sau da yawa gindin yana tsira. Garin neman gira ne a rasa ido.

Duk wannan aikin hannu manya kawai yake ragewa. Ƙananan da ido bai gani ba, da waɗanda ke inda sirinji ba ya kaiwa, sai dabbar da za ta bi su dare da rana, kuma a nan ne zaɓinka ke bukatar natsuwa saboda kifin nan mai layi shida da ke tankinka.

Wadda ta fi kowa ƙwarewa ita ce bargiya, Berghia stephanieae, wata 'yar dodon koɗi marar ƙoƙo, fara mai gashi-gashi a baya, wadda tsawonta bai cika wuce santimita biyu ba. Asalinta daga tekun tsibiran Florida ne, an daɗe ana sayar da ita da sunan wani nau'in daban, sai a 2005 masani Ángel Valdés ya bayyana ta a matsayin nau'i mai zaman kansa. Ba ta cin komai sai aftasiya, ba ta taɓa murjani, tana shiga ramukan da babu abin da ke shiga, kuma tana cinyewa har gindi. Da dare take fita, sau da yawa a gungu, saboda haka bayan ka saka su kana iya yin makonni ba ka ga ko ɗaya ba. Ba waɗanda ka saya ne ke gama aikin ba, 'ya'yansu ne: suna yin ƙwai farare a naɗe kamar gammo a ƙarƙashin dutse, ƙwan ya ƙyanƙyashe cikin kamar kwana 10 zuwa 14, 'ya'yan su balaga cikin wata biyu, daga nan ne za ka ga aftasiya tana ɓacewa yanki-yanki. Masu kiwonta sukan ce a sa ɗaya ga kowace lita 40, wato bakwai ko takwas a naka, kuma a ajiye su wuri ɗaya don su haɗu su hayayyafa. Aibinta biyu ne. Na farko, da aftasiya ta ƙare yunwa za ta kashe ta, don haka mai tausayi yakan tsince su ya ba wani mai irin matsalar. Na biyu, wanda ya shafe ka, kifinka mai layi shida aikinsa ke nan duk yini, leƙa ramuka yana tsintar ƙananan halittu, kuma bargiya da 'ya'yanta suna cikin abin da zai ci. Idan ba za ka iya kama shi ka ajiye shi a wani tanki na wata uku ba, kuɗin bargiya asara ne. Kama shi kuma ba wasa ba ne a tanki mai duwatsu, sai da tarkon kwalba da haƙuri na kwanaki.

Zaɓi na biyu shi ne jatan landen nan mai jikin gilashi da siraran jajayen layuka, na rukunin Lysmata. An daɗe ana kiran duk wanda ya zo daga yammacin tekun Atilantika Lysmata wurdemanni, har sai da Andrew Rhyne da Junda Lin suka nuna a 2006 cewa nau'o'i da dama ne masu kama da juna aka haɗa a suna ɗaya, ciki har da Lysmata boggessi na gaɓar Florida. Wannan yana daga cikin dalilan da ke sa wani ya ce nasa sun share masa tanki cikin mako biyu, wani kuma ya ce nasa ba su taɓa ko ɗaya ba. Sun fi cin ƙanana, manya sukan gagare su, shi ya sa suka dace da aikin sirinji: kai ka kashe manya, su su bi ƙanana. Uku ko huɗu sun isa tankinka. Ka saka su da dare bayan fitila ta mutu, don kifin mai layi shida yakan tsangwami jatan lande idan ƙarami ne, saboda haka ka zaɓi manya. Ka kuma rage abincin da kake zubawa, domin jatan landen da ya ƙoshi da abincin kifi ba zai je ya sha harbi ba. Idan aftasiya ta ƙare sukan fara fizgar abinci daga bakin murjani mai manyan baki, wani lokaci har su yage shi, sai ka riƙa ba su nasu. Babban abin kiyayewa a shago shi ne kada a ba ka mai doro, Rhynchocinetes durbanensis, wanda bayansa a tanƙware yake kamar tozon raƙumi, idanunsa manya, layukansa ja da fari masu kauri. Wannan ba ya cin aftasiya, murjani mai laushi yake ci, ka ga an gudu gara an faɗa gidan zago. Kuma ba a haɗa jatan lande da bargiya a lokaci ɗaya, domin shi ma yana cin ta.

Sai kifin da ka yi tambaya a kansa, Chelmon rostratus, mai dogon baki da ratsin ruwan tagulla. Kyakkyawan kifi ne, wasunsu kuma suna cin aftasiya sosai, amma ba zan ba ka shawarar sayensa don wannan dalili ba. Yawanci daga teku ake kamo shi, yakan kai santimita 20, kuma an san shi da ƙin cin abincin tanki har ya rame ya mutu, musamman idan ya sha wahalar tafiya ko akwai kifin da ke korar sa. Lita 300 ita ce iyakar ƙarancin abin da zai iya zama a ciki, kifinka mai layi shida kuma ba ya maraba da baƙo. Ko ya rayu, zai cinye tsutsotsin nan masu gashin tsuntsu da ke ƙawata duwatsu, yana iya tsinkar kawa idan kana da ita, kuma babu tabbacin zai kalli aftasiyar. Ba na jin daidai ne a sayi dabba mai wuyar reno a matsayin magani, ta mutu cikin wata ɗaya. Idan lalle kifi kake so, Acreichthys tomentosus ya fi dacewa: ƙaramin kifi ne mai launin ganye da ƙasa, ba ya wuce santimita 12, yana da juriya, ana samun wanda aka haifa a gonar kifi, yana karɓar abincin tanki, kuma wani lokaci har majano yana ci. Sai dai yakan ɗauki makonni kafin ya fara, kuma wasu sukan koma tsinkar murjani mai laushi da mai nama, don haka mai shi ya kasance da wurin da zai mayar da shi idan ya fara ɓarna.

Da tankin nawa ne, ga yadda zan bi. A makon farko zan fitar da dutsen da ya fi lalacewa da ƙananan da ke ɗaguwa, in matsar da murjanin da ake harbi, in fara da aftasiyar da ke kusa da shi da sirinji, biyar a rana. A mako na biyu zan saka jatan lande huɗu, in rage abinci zuwa abin da kifaye za su cinye cikin minti ɗaya ko biyu, in daina zuba abincin ruwa-ruwa na murjani a cikin tanki gaba ɗaya na ɗan lokaci, tunda shi ne ya fi ƙosar da aftasiya. Rage abinci ba ya kashe ta, amma yana rage saurin hayayyafarta ƙwarai. Zan wanke akwatin malala da tankin tacewa da hannu, domin can babu mai cin su, kuma daga can suke sake aiko da iri. Kowane mako zan sake ƙirgawa da tocila in rubuta adadin. Kada ka karaya idan a mako na uku ka ga ƙanana sun ɓullo a inda ka kashe manya. Gutsattsarin da suka riga suka zube ne, kuma su ne abincin jatan landen. Idan bayan mako takwas adadin bai ragu da rabi ba, to lokacin ne zan kama kifin mai layi shida da jatan landen in fitar da su, in kawo bargiya, in kuma daina amfani da sirinji don a bar mata abincin da za ta hayayyafa a kai.

Bayan an ci nasara, ƙofar da ta shigo ita ce za ka tsare. Magungunan da ake tsoma sabon murjani a ciki an yi su ne don tsutsotsi da ƙwari, ba sa kashe aftasiya, tunda abin da zai kashe ta zai kashe murjanin ma. Saboda haka duk sabon yankin murjani ka yanke shi daga ɗan gindin siminti ko yumɓun da ya zo a kai, ka manna shi a sabo, ka duba ƙarƙashinsa da gilashin ƙara girma. Dutse da ciyawar teku da ƙoƙon dodon koɗi duk suna ɗauko ta. Ka tanadi ƙaramin tanki na lita 30 ko 40 mai fitila da injin motsa ruwa, gishirinsa da zafinsa daidai da na babban, wato wajen 1.025 a ma'aunin gishirin ruwa da digiri 25 na Celsius, ka killace duk sabon abu a ciki mako huɗu zuwa shida. A tsawon wannan lokaci ka riƙa ɗan zuba abinci sau biyu a mako da gangan, domin guntun gindin da ya ɓuya ya samu abin ci ya girma ya fito inda za ka gan shi kafin ya shiga babban tanki.